Ranar da Aka Rufe wa Get Ido

Talata ce, irin ranakun da mutum ba ya ajiye su a ransa. Rana ta gangara bayan katanga, inuwar gidan ta miƙe har ta taɓa get, tsuntsayen bishiyar tsakar gida sun gama rigimarsu ta neman makwanci sun yi tsit. Umma ta dawo daga asibitin da take aikin ungozoma, ta zauna bakin gado tana matsa ƙafafunta, sai ta tuna jakarta tana cikin mota. Motar kuwa a waje ta bar ta, jikin katanga.

"Auta, ɗauko mini jakata a mota."

"Umma, yanzu fa na zauna."

"Ni kuma tun asuba nake tsaye. Tashi, sarkin son jiki."

Auta ta tashi tana ƙunƙuni. Shekarunta goma sha huɗu, ita kaɗai ta rage a gaban iyayenta, yayyenta duk karatu da aure sun kwashe su. Ta ɗauki makullin mota da rimot ta fita. Umma ta ji ƙugin injin get yana buɗewa, ta ji an buɗe mota an rufe, ta ji ƙugin ya dawo, ƙyauren ƙarfen nan biyu suka haɗu da ƙarfi.

Sai wani kuka ya tashi.

Shekara ashirin da biyu Umma tana karɓar haihuwa. Ta san kukan yunwa, ta san na zafi, ta san wanda ke sa ungozoma ta saki komai ta ruga. Wannan siririn kukan na yaro ne, amma ba ta taɓa jin irinsa a bakin ɗan Adam ba. Kafin ta kai ƙofar falo ya yanke. A tsakar gida ta tarar da Auta kwance a ƙasa, taku goma tsakaninta da get, ta riƙe ƙafar hagu da hannu biyu, bakinta a buɗe, sauti ya ƙi fita. Babu jini, babu ƙwarzane. Get bai taɓa ta ba.

Shi wannan get yana da ɗan tarihi. Shekara goma sha tara Baba Maigadi yana buɗe shi da hannu. Tsoho ne marar magana, kuma yana da wata ɗabi'a da Umma ta ɗauka nauyin jiki ne: idan maigidan ya dawo daga ofis da magariba ya shigo da mota, Baba ba ya rufewa nan take. Sai ya tsaya riƙe da ƙyaure, kansa a sunkuye, gwargwadon yadda mutum zai yi alwala, sannan ya tura. Da idanunsa suka raunana, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi. Maigidan, wanda kowa ke kira Barista, bai nemi wani ba. Ya ce zamani ya wuce a ajiye mutum don ya tura ƙarfe, ya sa aka kafa inji.

Ƙanin Umma ne ya kafa shi. Injiniya ake ce masa, ko da yake a bakin aiki ya samo sunan, ba a makaranta ba. Umma ce ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai shi koyon sana'a, ita kuma ta ce wa mijinta ba sai an nemo bare ba.

Injin ya yi aiki lafiya, sai abu ɗaya. Da safe ya buɗe ya rufe, da rana haka. Amma da magariba, in Barista ya shigo, get sai ya tsaya a wangame ya ƙi rufuwa. A danna rimot har yatsa ya gaji, ko gezau. Bayan minti huɗu ko biyar, sai ya rufe don kansa a hankali.

Sau biyar Injiniya yana zuwa cikin wata huɗu. Ya canja batirin rimot. Ya duba fiyus. Ya buɗe akwatin injin da ke jikin ginshiƙi ya tarar tururuwa sun yi gida, ya hure su. Ya kwance hannuwan ƙarfen da ke tura ƙyauren, ya sa wa hinjis giris, ya mayar. A zuwa na uku ne ya nuna wa Umma wasu ƙananan abubuwa biyu masu baƙin gilashi, ɗaya a kowane ginshiƙi, daidai gwiwar mutum.

"Waɗannan su ne idanunsa, Yaya. Wannan yana aika wa wancan haske, irin wanda mu ba ma gani. In wani abu ya gitta ya yanke hasken, inji ba zai yarda ya rufe ba, don kada ya matse mota ko mutum. To da magariba gani yake akwai abu a hanya."

"Me yake gani?"

"Faɗuwar rana ce ke shiga idon. Aikin banza ne."

Ya goge gilasan, ya yanko gwangwani ya yi musu 'yar rumfa. Bai hana ba. Ranar da hadari ya rufe sama, babu rana balle faɗuwarta, get ya tsaya kamar kullum. Rannan Injiniya ya tsuguna gaban akwatin ya kasa kunne. Akwai wani ɗan abu a ciki da ke cewa ƙyas duk lokacin da aka yanke hasken. Ya shigo falo yana dariya.

"Sau bakwai, Yaya. Biyu a hankali, biyar a guje. Kai ka ce magidanci ne da iyalinsa."

Ita ma ta yi dariya, ta zuba masa shayi.

Barista ne bai ga abin dariya ba. Mutum ne da ya tsani jira, kuma zaman minti biyar yana kallon gidansa a buɗe, masu wucewa suna leƙe, ya fi masa zaman kotu tsawo. A ranar Talatar nan da rana Injiniya ya zo karo na biyar, ya kira yayarsa a waya ya ce, "Na canja idanun, sababbi fil. An gama."

A asibiti, hoton ƙashin ƙafar Auta bai nuna komai ba. Likitoci uku suka duba, Umma da kanta ta bi ƙafar da yatsunta tun daga ƙugu har tafi. Ƙashi lafiya, jijiya lafiya, amma ƙafar ta sandare kamar itace, ko zani ya taɓa ta sai Auta ta yi ƙara. Suka dawo da ita gida da ledar magunguna.

A rana ta biyu aka fara jifa. Rana na faɗuwa, tsakuwa ta sauka a kan rufin kwano, ɗaya, sai shiru mai tsawo, sai wata. Barista ya zagaya gidan da tocila bai ga kowa ba. A rana ta uku jifan ya koma kan get, duwatsu suna dukan ƙarfen daga ciki, daga inda babu mai tsayuwa. A rana ta huɗu Umma ta je bayan tankin ruwa kwashe shanya, ta ji muryar mace ƙasa-ƙasa tana rarrashin yaro. Ba ta gane kalmomin ba, amma ta gane rarrashin. Ta bar kayan a igiya ta koma ɗaki da baya da baya.

Ita kuwa Auta, da rana yarinya ce mai ciwon ƙafa, tana shan kunun da aka ba ta, tana tambayar ko ƙawayenta sun kira. Da magariba sai ta tashi zaune, ta naɗe hannuwa kamar mai rungume da jariri, tana jijjigawa, idanunta a kan bango.

A irin wannan lokacin ne Barista ya tsaya bakin ƙofar ɗakin ya ce, cikin taushin murya, "Da dai ba a aike ta da magariba ba." Sau ɗaya ya faɗa. Ya san aikin magana, ya san wadda ba ta bukatar maimaici.

Maganar ta zauna wa Umma a ƙirji kamar dutse. Jaka ce fa. Jakar da babu komai a ciki sai tabarau da katin aiki, wadda za ta iya kwana a mota. Ta daina cin abinci sosai. In Auta ta yi barci, sai ta durƙusa gefen gadon ta kama hannunta tana cewa, "Yafe mini, 'yata. Ni na jawo miki." Ta nemi ƙaninta ko za ta ji sanyi, sai ya ce aiki ya kai shi nesa. Da ta matsa, ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, bai iya kallon yarinyar ba. Ta ɗauka tausayi ne.

A rana ta tara wata tsohuwar abokiyar aikinta ta kawo Malam. Ɗan ƙaramin dattijo ne mai farin gemu, da ledar littattafai da butarsa. Ya saurari labarin bai katse ba, sannan ya ce duk wanda ya taɓa get ɗin a ranar ya zo ya zauna. Umma ta kira Injiniya ta ce in bai zo ba, kada ya sake kiran ta yaya.

"Malam," in ji Barista, "ni fa mutum ne mai son hujja."

"Madalla. Ni ma ita na zo nema."

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a falo aka kwantar da Auta. Malam ya zauna daidai kanta ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, ba kuma da gaggawa ba. Haske ya riƙa janyewa daga tagogi. Babu wanda ya tashi ya kunna fitila. Tsakuwa ɗaya ta faɗo a rufi, ta gangara, ta tsaya. Sai Auta ta tashi zaune, wuyanta ya miƙe, fuskarta ta tsufa a gaban idon uwarta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

Muryar babbar mace ce, a dushe, irin ta wadda ta kwana tara tana kuka.

"Wace ce ke, me ya haɗa ki da yarinya?"

"Maƙwabciya ce. Muna bayan tankin nan tun ba a aza tubalin gidan ba. Ni da maigidana da 'ya'ya biyar. Da safe mu fita, da magariba mu dawo, ba mu taɓa ɗaukar ko allurarsu ba. Ƙofar da aka rufe ba ma buɗe ta, sai mu jira a buɗe mu bi. Rannan ƙaramin ɗana yana tsakiyar ƙofa ƙarfe ya haɗe a kan ƙafarsa. Wannan ce ta danna."

"Ba ta gan shi ba. Babu wanda ya gan ku a cikinsu. Kin san ba a kama mutum da abin da Allah ya ɓoye wa idonsa. Zalunci kike yi, ki ji tsoron Allah ki fita."

Bakin Auta ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ƙarfen ya gan mu, Malam. Wata huɗu yana tsayawa har mu wuce, ya fi masu gidan kunya. Sai suka rufe masa ido."

Umma ta juya ta dubi ƙaninta. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ƙafa da ƙafa," in ji muryar. "Ɗana ba ya takawa, tasu ba za ta taka ba."

"Wannan kam ba za ki samu ba," in ji Malam, ya ɗora yatsa a kan shafin da ya tsaya. "In kin ƙi, in ci gaba, ni ba na gajiya. In kuma akwai abin da zai sanyaya miki rai wanda bai saɓa wa Allah ba, faɗi mu ji."

Idanun Auta suka juyo a hankali suka sauka a kan Umma, suka daɗe.

"Kullum ina jin wannan matar tana ba 'yarta haƙuri a kan laifin da ba nata ba. Ni ma uwa ce, abin ya ishe ni. A kawo abin da aka rufe idon da shi a ajiye a gabanta. Waɗanda suka sani su faɗa da bakinsu, tana ji. In sun faɗa, na saki."

Injiniya ya miƙe kamar wanda aka ja da igiya. Suka ji shi a waje yana kwance murfin akwatin. Ya dawo ya durƙusa, ya ajiye wata 'yar jar waya a kan tabarma. Tsawonta bai kai ɗan yatsa ba.

"Ban canja komai ba, Yaya. Idanun lafiyarsu ƙalau. Haɗe bakin wayoyinsu na yi da wannan, don inji ya ɗauka kullum hanya babu kowa."

Umma ta dubi wayar. Da ta yi magana, muryarta ta fito daidai, irin wadda take tambayar mai naƙuda da ita.

"Da Auta ce a tsakiyar ƙofar, zai tsaya?"

"Yaya…"

"Zai tsaya?"

"Ba zai tsaya ba."

"Kuma kwana tara tana ciki. Muna shiga muna fita."

"Na so in cire. Aka ce in na cire, get zai koma tsayawa, ke kuma za ki yi tambaya."

Bai faɗi wanda ya ce ba. Bai kuma bukaci faɗa ba, domin mutum ɗaya ne a ɗakin ya sunkuyar da kai yana gyara agogon hannunsa.

"Hannu ya yi magana," in ji muryar. "Saura baki."

Ƙafar Auta ta fara murɗewa a kan tabarma, yatsun suna lanƙwashewa ciki, sai muryar yarinyar ta ainihi ta ɓallo daga ƙarƙashin waccan: "Umma! Umma, ƙafata!" Umma ta rungume ta, amma idonta yana kan mijinta. Aiki ya koya mata ƙirga tsawon ciwo ko ba ta so, ta kuwa ƙirga. Sau uku 'yarsa ta yi ƙara yana zaune, yana auna abin da zai faɗa.

"Ba zan musa ba," ya ce daga ƙarshe, "mai yiwuwa an taɓa yin wata magana mai kama da…"

"Barista," in ji Malam, "ba kotu muke ba. 'Yarka ce a ƙasa."

Sai ya faɗa, a guntule, yana kallon ƙafafunsa. Ranar da Baba Maigadi zai tafi, ya kama hannunsa a bakin get ya ce akwai bayin Allah da ke bin ƙofar da magariba, a riƙa ba su ɗan lokaci, amana ce shi ma ya tarar. Barista ya ce ya yi alkawari, don tsohon ya sake shi ya tafi ofis. Da Injiniya ya zo masa da zancen ƙyas bakwai, ya gane sarai, sai abin ya ba shi haushi, a ce a gidansa shi ne mai jira. Ya ce wa surukinsa get ya rufu a ranar ko ta wane hali, in kuma aikin ya fi ƙarfinsa a kira wanda ya iya. Da Auta ta faɗi, tun kafin a kai ta mota ya san dalili. A harabar asibiti ya kira Injiniya ya ce bakinsa alaikum.

"Maganar aike fa?" in ji Umma.

Ya ɗago ya dube ta, ya mayar da kai.

Jikin Auta ya saki kaɗan. Muryar ta dawo, a gajiye.

"Na ji. Malam, ka zama shaida na cika nawa. Amma mun tashi daga gidan nan. Tsohon nan shekara goma sha tara bai taɓa ganin mu ba, bai kuma taɓa rufe mana ƙofa ba. Ba za mu zauna da wanda ya sani ya take ba. A buɗe mana, kada a taɓa sai mun fita." Idanun Auta suka koma kan Umma. "Ke kuma, 'yar'uwa, ki ci abinci."

Malam ya sa ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ya ce ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafa. Yatsan ya yi karkarwa, ya miƙe, ya kwanta. Auta ta yi atishawa sau biyu ta zube a jikin uwarta.

Injiniya ya danna rimot daga bakin taga. Get ya buɗe cikin duhun magariba ya tsaya. Gidan ya yi tsit har suna jin akwatin daga falo: ƙyas, sai a jima, ƙyas. Sun daɗe suna fita, kamar masu kaya a ka da majinyaci a goye. Sannan ƙyauren suka taho a hankali suka haɗu.

Malam ya tattara littattafansa ya nemi inda zai yi salla. Wani ya kunna fitila. Auta ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji, ta shanye kofi guda, sannan ta dafa kafaɗar uwarta ta miƙe. Ta taka ƙafar hagu a hankali, ta sake takawa, ta yi taku uku zuwa kujera.

"Alhamdu lillahi," in ji Barista, muryarsa har ta fara komawa daidai. "Komai ya wuce."

Auta ta dubi kawunta durƙushe a ƙasa yana share fuska, ta dubi baƙon dattijon, ta dubi 'yar jar wayar da ke kan tabarma.

"Umma, wai me ya same ni?"

Barista da Injiniya suka ɗago tare suka zuba wa Umma ido. Ta san wannan kallon. Roƙo ne, irin na mutanen da suka saba in sun ɓata ita ke gyarawa, in sun zubar ita ke kwashewa. Kalma biyu za ta ce, zazzaɓi ne, a rufe zancen har abada. Ta gyara wa 'yarta ɗankwali, ta share mata ruwan da ya zubo a haɓa.

"Zauna ki huta," ta ce. "Abbanki zai gaya miki, tun daga farko. Ina nan zaune, in ya manta wani wuri zan tuna masa."